Agogo Sarkin Aiki: Tarihin Seiko 5

Gabatarwa

 A wannan fitowa ta mujallarmu na ga ya kamata mu ɗan huta da tarihin sarakuna da yaƙe-yaƙe, mu duba tarihin wani ɗan ƙaramin abu wanda kusan kowannenmu ya taɓa ɗaura shi a hannu, ko kuwa ya yi ta haɗiyar yawu a kansa bai samu ba. Ina nufin agogon nan Seiko 5, wanda bakinmu ya mayar "Siko Fayif".

Duk wanda ya riƙe wannan agogo ya san halinsa. Wani yana gudu, wani yana nawa, kuma in ka tuɓe shi ka ajiye kwana biyu sai ka tarar ya tsaya cik. Agogon roba mai batir, irin wanda yara ke talla a tasha, ya fi shi faɗin gaskiya nesa ba kusa ba. Amma duk da haka da yawa daga cikinmu har yanzu shi ne a hannunsu, alhali kowa yana da waya a aljihu wadda ke faɗa masa lokaci daidai wa daida. Abin da nake so mu bincika shi ne daga ina wannan agogo ya fito, ta yaya ya shigo hannunmu, kuma me ya sa muka kasa rabuwa da shi bayan zamani ya wuce shi.

Lokaci kafin zuwan agogo

Rashin agogo bai hana kakanninmu sanin lokaci ba. Rana da inuwa da carar zakara su ne ma'auninsu, shi ya sa Hausa ta wadata da sunayen lokaci, tun daga asuba da hantsi da walaha, zuwa azahar da la'asar da almuru, har talatainin dare. Abin da ya kawo bukatar minti da sakan shi ne zuwan Turawa da ofis da bariki da makarantar boko, musamman ma jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a shekarar 1911, shi kuwa ba ya jiran wanda ya ce zai zo "da hantsi". Kalmomin da muke amfani da su ma shaida ne. Masana harshe sun ce "agogo" daga Yarabanci muka aro shi, inda yake nufin ƙararrawa, sa'an nan har gobe muna cewa "ƙarfe biyu" ko "ƙarfe bakwai" saboda ƙarfen da ake bugawa don sanar da awa. Mu da muka yi makarantar kwana ba sai an yi mana bayanin wannan ba, domin da ƙarar tsohon wilin motar nan da aka rataye a bishiya muke tashi, da ita muke shiga aji, da ita muke kwanciya.

Mutanen Japan, inda agogon namu ya fito, su ma sun bi irin wannan hanya. A da suna raba yini kashi shida, dare kashi shida, ta yadda tsawon awa yake canzawa daga lokacin zafi zuwa lokacin sanyi. A farkon shekarar 1873 gwamnatinsu ta koma kalandar Turawa da awa 24 masu tsawo ɗaya. Nan take agogunan gargajiyar ƙasar suka rasa amfani, kasuwa ta buɗe ga agogunan Turai da Amurka, da kuma duk wanda ya iya gyaransu.

Mai gyara ya zama mai ƙira

A cikin waɗanda suka ga wannan dama akwai wani saurayi mai suna Kintaro Hattori, wanda aka haifa a 1860 a birnin da yanzu ake kira Tokiyo. Ya yi yarantakar kanti a wurin masu sayar da agogo, ya koyi gyara, a 1881 kuma, yana ɗan shekara 21, ya buɗe shagonsa na saye da sayarwa da gyaran agogo. Fataken Turawa da ke tashar jiragen ruwa ta Yokohama sun yarda da shi domin ba ya saɓa ranar biya, saboda haka sabon kaya yakan riga zuwa wurinsa. A 1892 ya kafa masana'anta ya sa mata suna Seikosha, watau gidan aiki mai tsabta, ya fara da agogon bango. A 1895 ya yi agogon aljihu, a 1913 kuma ya fito da Laurel, agogon hannu na farko da aka ƙera a Japan. A lura, a wancan lokaci ko a Turai maza ba su gama yarda da agogon hannu ba, suna ganin ado ne na mata, sai da sojojin Yaƙin Duniya na Ɗaya suka nuna cewa mai riƙe da bindiga ba shi da sukunin lalubar aljihu.

Ranar 1 ga Satumba, 1923, girgizar ƙasa da gobara suka cinye Tokiyo da Yokohama, mutum fiye da 100,000 suka halaka. Masana'antar Hattori ta ƙone ƙurmus, a cikin abin da ya ƙone har da agogunan mutane kimanin 1,500 da aka kawo gyara. Ba wanda zai zarge shi da ya ce ƙaddara ce, amma ya biya kowa da sabo. A shekarar da ta biyo, 1924, aka fara rubuta sunan Seiko a fuskar agogo, a 1929 kuma hukumar jiragen ƙasa ta Japan ta ɗauki agogon aljihun kamfanin ya zama na direbobinta. Hattori ya rasu a 1934, bai ga agogon da muke magana a kansa ba. Amma na kawo tarihinsa ne domin a gane cewa wanda ya kafa gidan mai gyara ne tun asali, kuma wannan ya bi jinin abin da gidan ya ƙera daga baya.

Me ya sa ake ce masa 5?

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Japan ta tashi daga toka, kayanta kuma a lokacin ba su da daraja a idon duniya. Mutanen Suwizalan ne sarakunan agogo, su ke da Omega da Rolex da Roamer da Oris. Seiko ya shiga wannan kokawa da ƙarfinsa, har aka ba shi aikin auna lokaci a wasannin Olamfik na Tokiyo a 1964. Shekara guda kafin nan, a 1963, ya fito da wani agogo domin samari da ƙananan ma'aikata mai suna Sportsmatic 5, wanda shi ne kakan duk wani Seiko 5 da muka sani.

Lambar 5 alkawura biyar ne. Na ɗaya, agogon yana ɗaure kansa da kansa, ba sai an yi masa wani ba. Na biyu, yana nuna rana da kwanan wata a ɗan taga guda. Na uku, yana jure ruwa daidai gwargwado. Na huɗu, ɗan kan da ake murɗawa an kawar da shi daga wajen ƙarfe uku an ɓoye shi a wajen ƙarfe huɗu, don kada ya soki bayan hannu ko ya maƙale a riga. Na biyar, jikinsa da sarƙarsa ƙarfe ne mai ƙwari. Wasu masu lissafin sukan sa wasu abubuwa biyu a ciki, watau sifirin ɗin da ba ya karyewa da sauƙi, da kuma dabarar da ke kare cikin agogon in ya faɗi ƙasa. Ko ta wace hanya aka ƙirga, ba duka waɗannan ne Seiko ya fara ba. Wani Bature ɗan Ingila, John Harwood, ya yi agogon hannu mai ɗaure kansa tun a shekarun 1920, Rolex kuma ya inganta dabarar a 1931. Abin da Seiko ya yi shi ne tara su duka a agogo ɗaya, a kan kuɗin da malamin firamare zai iya biya. Hausawa sun ce araha ba ta ado, amma wannan ta yi.

Yadda yake aiki

Waɗanda suka yi aji ɗaya da ni za su tuna ranar da malaminmu na kimiyya, da yake koya mana darasin lilo, ya kwance bayan agogonsa ya zagaya da shi layi-layi, yana gargaɗin kada kowa ya yi numfashi a kansa. Abin da muka gani a ranar shi ne duk sirrin. Akwai wani ƙarfe mai siffar rabin faifai wanda ke juyawa duk lokacin da hannu ya motsa. Juyawarsa ce ke naɗe wani siririn sifirin a cikin ɗan gwangwani, shi kuma sifirin ɗin, a ƙoƙarinsa na warwarewa, sai ya riƙa tura wasu 'yan faya-fayai masu haƙora har zuwa hannuwan agogon. Mai hana shi warwarewa gaba ɗaya wani ɗan zobe ne da ke kai da komo a kan waya mai kaurin gashi, kamar yadda lilo ke yi. A yawancin Seiko 5 da muka sani zoben yana bugawa sau 6 a sakan, watau sau 21,600 a awa, sau 518,400 a yini da dare. Shi ya sa hannun sakan ɗinsa yake tafiya sumul, ba ya tsalle.

Dabarar da ta sa agogon ya yi araha kuma ya yi ƙarko ita ce wadda kamfanin ya kira Magic Lever, ya fito da ita a 1959. Wani ɗan ƙarfe ne mai yatsu biyu kamar hantsaki, ɗaya yana turawa ɗaya yana ja, saboda haka ko ta dama ko ta hagu rabin faifan ya juya, sifirin yana naɗuwa. Abin da wasu kamfanoni ke yi da tarin ƙananan ƙarafa, Seiko ya yi shi da biyu ko uku. Duwatsu 17 ko 21 da ake rubutawa a fuskar agogon kuwa, waɗanda muke taƙama da su a ɗakin kwana kamar lu'ulu'u ne, yakutu ne na haɗi da ake yi a masana'anta, ba su da wata tsada. Amfaninsu shi ne hana ƙarfe cin ƙarfe a wuraren da ake yawan guga.

Yadda ya shigo hannunmu

Ta hanyoyi biyu wannan agogo ya cika garuruwanmu, kuma duka biyun a shekarun 1970 suka buɗe. Ta farko ita ce kuɗin man fetur. An fara kashe naira a ranar 1 ga Janairu, 1973, a 1974 kuma kwamitin Jerome Udoji ya miƙa wa gwamnatin Janar Yakubu Gowon rahotonsa a kan albashin ma'aikata. A farkon 1975 aka biya ƙarin albashi tare da ariyas na watanni, tun daga Afrilun 1974. Kowa ya san abin da ya biyo baya. Masinja da malamin makaranta da akawu suka dira kasuwa, aka yi ta sayen babur da keke da rediyo mai kaset da agogo. Manyan kantuna irin su Kingsway da Leventis da UTC na manya ne. Ƙaramin ma'aikaci kuwa kasuwa yake nufa, wajen masu akwatin gilashi, inda Seiko da Citizen da Orient ke jere suna ƙyalli.

Hanya ta biyu ita ce aikin Hajji. An kafa hukumar alhazai ta ƙasa a 1975, a 1977 kuma alhazan Nijeriya sun haura 100,000. Naira tana da ƙarfi a lokacin, har a 1980 naira ɗaya ta kusa dala biyu, saboda haka alhaji yakan dawo da akwati cike da tsaraba, dabino da tasbaha da darduma da zobe, a ƙasan akwatin kuma akwai agogo na babban ɗa ko na suruki. Irin waɗannan su ne masu nuna rana da Larabci da Turanci, abin da ya yi mana daidai ƙwarai, tun da sunayen ranakunmu, daga Lahadi har Asabar, daga Larabci suke. Sau da yawa agogon yakan iso yana kan lokacin Makka, awa biyu gaba da namu, wasu alhazan kuma sukan bar shi haka kwana da kwanaki don a san daga inda ya fito.

A makarantarmu ɗaliban da ke da shi ba su da yawa, kuma kowa ya san su. Mai Seiko 5 yakan naɗe hannun riga ko da ana hunturu. Shi ake tambaya saura minti nawa a tashi daga firef, shi ake roƙo ya auna gudu in ana shirin wasannin gidaje, ranar jarrabawa kuma na kusa da shi sun huta da leƙen agogon bango. Da an kashe fitila sai juniyoyi su taru a ga yadda lambobinsa ke haske a duhu. Ni kaina ban mallaki nawa ba sai da na karɓi albashin farko, kuma na san ba ni kaɗai ba ne na yi haka. Ga tsararmu, wannan agogo shaida ce cewa yaro ya fara cin guminsa.

Aibobinsa

So hana ganin laifi, in ji masu iya magana, amma tarihi ba ya yiwuwa sai da faɗin gaskiya. Babban aibinsa shi ne ainihin aikin da aka saye shi dominsa. Ba abin mamaki ba ne Seiko 5 ya ƙara ko ya rage sakan 20 ko 30 a rana. Rabin minti a rana ya zama minti uku da rabi a mako, ya zama kwata guda a wata. Shi ya sa muke da al'adar gyara agogo da rediyo, a jira lokacin labarai a saita. Ko a nan ma da sauran magana, domin a yawancinsu in ka jawo kan agogon hannun sakan ba ya tsayawa, sai dai ka ɗan danne shi baya da dabara har ya daskare.

Na biyu, yawancinsu ba a iya yi musu wani da hannu. In ya cika yana yin kamar awa 40, in ya tsaya kuwa sai ka kama shi kana kaɗawa kamar mai tankaɗe kafin ya farfaɗo. Na uku, kwanan watansa bai san wata mai kwana 30 ba, balle Fabrairu, saboda haka sau biyar a shekara sai ka gyara shi, kuma masu gyara suna gargaɗin kada a taɓa kwanan wata tsakanin ƙarfe tara na dare da wajen ƙarfe huɗu na asuba, lokacin da haƙoran ciki suke tsakiyar juya shi. Wanda ya duba agogonsa da tsakar dare ma yakan tarar ranar ta koma ɗaya harshen kafin ta daidaita.

Na huɗu, sarƙarsa. Ƙarfe ne naɗaɗɗe mara nauyi, tana kacau-kacau, tana tsinke gashin hannu, in ta tsufa kuma ta saki. Na biyar, maganar jure ruwa ta yayyafi ce da wankin hannu, in robar da ke toshe bayansa ta bushe kuwa, alwala ɗaya ta isa ka ga raɓa ta kwanta a ƙarƙashin gilashi. Sa'an nan ba ya shiri da maganaɗisu. Wanda ya saba ajiye shi a kan lasifikar rediyo yakan wayi gari agogon yana gudu kamar an kore shi. Daɗin daɗawa, man da ke cikinsa yana bushewa, duk bayan 'yan shekaru sai an kai shi wanki.

Gida ya ƙera abin da zai kashe shi

Abin mamaki a wannan tarihi shi ne, wanda ya fito da maganin duk waɗannan aibobi Seiko ne da kansa, shekara shida kacal bayan haihuwar Seiko 5. Ranar 25 ga Disamba, 1969, ya fara sayar da Astron, agogon hannu na farko mai aiki da batir da dutsen kwatz. A maimakon zobe mai kai da komo, wani ɗan ƙanƙanin dutse ne ke karkarwa in wuta ta ratsa shi, a agogunan batir na yau sau 32,768 a sakan. Kuɗin Astron yen 450,000 ne, kusan kuɗin ƙaramar mota a Japan a lokacin. Amma cikin shekara goma farashin irinsa ya faɗi warwas, masana'antun Hon Kon suka shiga yi, kowa ya iya saye.

Mutanen Suwizalan ne suka fi jin jiki. Ma'aikatan agogo a ƙasar sun kai kimanin 90,000 a 1970, kafin ƙarshen shekarun 1980 sun koma kimanin 30,000, ɗaruruwan kamfanoni suka rufe. Sai da su ma suka fito da nasu agogon roba mai batir, Swatch, a 1983, sa'an nan suka fara numfasawa. A 1989 Casio ya fito da F-91W, ɗan baƙin agogon nan mai lambobi da ƙararrawa da fitila, wanda batirinsa kan yi kamar shekara bakwai, kuskurensa kuma bai wuce rabin minti a wata ba. Watau abin da Seiko 5 ke ɓatarwa a rana ɗaya, shi sai ya yi wata.

Mu kuma a nan gida wannan ya zo daidai da lokacin da aljihu ya bushe. An shiga tsuke bakin aljihu a 1982, a 1986 aka kawo shirin SAP, naira ta faɗi daga kusan dala ɗaya zuwa wajen naira huɗu a dala cikin ɗan lokaci. Tsarabar alhazai ta ragu, albashi ya daina kai wata, wanda agogonsa ya ɓace sai ya sayi na roba. A hankalce da nan ya kamata tarihin Seiko 5 ya ƙare.

Amma bai ƙare ba. Kamfanin ya ci gaba da ƙera shi domin kasuwannin Asiya da ƙasashen Larabawa da Afirka, inda samun batir mai kyau a ƙauye aiki ne, mai gyara kuwa yana kowace kasuwa. A 1996 ya fito da sabon inji mai lamba 7S26, wanda ya gaji tsofaffin irin su 6309 da 7009, aka yi ta ƙera shi fiye da shekara ashirin. Daga baya samarin Turai da Amurka, waɗanda suka tashi cikin agogon batir, suka gano shi ta intanet suka mai da shi abin sha'awa. A 2019 Seiko ya sake fasalin Seiko 5 Sports da sabon tambari da inji mai lamba 4R36, wanda ake iya yi wa wani da hannu, hannun sakan kuma yana tsayawa in an jawo kan. An gyara aibobi biyu, amma kuɗi ya hau, tsofaffin samfuran nan masu araha kuma suka fara ƙaranci a kasuwa.

To, me ya sa muke sonsa?

Wani zai ce tuna baya ne kawai, kuma kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Akwai gaskiya a ciki. Agogon yana tuna mana da lokacin da takardar sakandare ke ba mutum aiki, albashin wata kuma ya saya masa abin da zai kai shi tsufa. Amma a ganina akwai dalili biyu da suka fi wannan.

Na farko, an yi shi ne domin a gyara. Bayansa murɗe yake, ana kwancewa, kowane ƙarfe a ciki ana iya cire shi a wanke a mayar, in ya lalace a ɗauko na wani tsohon agogo a sa. Agogon batir mai araha in cikinsa ya ƙone sai bola. Shi ya sa a gidajenmu za ka sami Seiko 5 na shekarun 1970 da ke aiki, amma da wuya ka sami agogon roba na lokacin.

Na biyu, da motsin mai shi yake rayuwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, haka mai Seiko 5 ya san nasa yana gaba da minti biyu ranar Juma'a, ya san in ya kwantar da shi ta wani gefe da dare yakan rage gudu. Wani abokinmu da ya yi ritaya ya taɓa kai nasa wurin mai gyara yana ƙorafin yana tsayawa kafin asuba. Mai gyara ya buɗe ya duba, ya mayar masa, ya ce, "Alhaji, agogo lafiyarsa lau, zama ne ya yi maka yawa." Tun daga ranar yake zagaya unguwa da ƙafa bayan la'asar. Ban san wani agogon batir da zai iya yi wa mai shi wannan nasiha ba.

Kammalawa

Abin da ke barazana ga waɗannan agoguna a yau shi ne ƙarewar masu gyara. Dattawan nan masu ɗan tebur da akwatin gilashi a bakin kasuwa, da ɗan madubi maƙale a ido, suna ta raguwa, yaransu sun koma gyaran waya, da yawa daga masu zama a wurin yanzu canza batir kaɗai suka iya. In suka ƙare, agogunan da ke cikin durowarmu sun zama ƙarfen banza.

Saboda haka ga shawarata. Duk mai tsohon Seiko 5, nasa ko na mahaifinsa, ya fito da shi ya juya bayansa. Zai ga lamba huɗu kafin ɗan layi, irin su 6309 ko 7009 ko 7S26, wannan ita ce lambar injin. Zai kuma ga wata doguwar lamba, wadda harafinta na farko shi ne lambar ƙarshe ta shekarar da aka ƙera shi, na biyu kuma watan, daga 1 zuwa 9, sa'an nan O da N da D na Oktoba da Nuwamba da Disamba. Alal misali, in ta fara da 7 da 3 a kan inji 6309, to ta Maris ce, 1977 ko 1987, mai agogon kuwa ya san wacce ce a ciki. Ya rubuta wannan a takarda, tare da sunan wanda ya saya da dalilin saye, ya ajiye wa 'ya'yansa. Kada ya yarda a yi ta kaɗa agogon da ya shekara ashirin a ajiye ba a wanke ba, domin busasshen mai yana cin ƙarfe. Wanda kuma zai sayi tsoho ya yi hattara da jabu. Akwai waɗanda ake harhaɗawa daga ɓaraguzai a shafa musu fenti mai ƙyalli, akwai kuma masu batir a ɓoye, waɗanda ake gane su da tsallen hannun sakan sau ɗaya a sakan.

Daga ƙarshe ina roƙon duk ɗan ƙungiya da ya san wani ƙwararren mai gyaran agogo da ya rage a garinsu ya aiko wa edita da bayaninsa, a buga a fitowa ta gaba, mu kai musu aiki tun suna da ƙarfin ido, ko Allah ya sa wani yaro ya ga sana'ar tana ci ya zauna ya koya. Da tsohuwar zuma ake magani. Allah ya jiƙan malamanmu da 'yan'uwanmu da suka riga mu, ya bar mu da zumunci.